Godiya bayan sati shida a kwance

Alhamdulillahi, jiya aka cire min simintin ƙafa. Sati shida ke nan tun ranar da santsin ƙanƙara ya kwashe ni a bakin ƙofarmu a nan Ingila, ina riƙe da ledar shara.

Baban yara, Allah ya saka da alheri. Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, sai ga shi yana tuƙa tuwo, gudaji da duk abin da ke ciki na cinye. Yaya da ke kirana daga Zariya kullum bayan sallar asuba, da 'yan uwa mata da suka yi ta aiko da kunu da farfesu, na gode ƙwarai.

Sai maƙwabciyata, tsohuwar Baturiya da a da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar da aka sallamo ni ta shigo da littattafai huɗu daga laburare, duka na M. C. Beaton, ta ce in gwada ko za su rage min dare. Labaran kisan kai ne, amma irin waɗanda ake karantawa ana dariya. A na farko, wanda ya fito a 1992, Agatha Raisin ta bar aikinta a Landan ta koma ƙauye, ta sayo gashin ƙwai a shago ta kai gasar girki a matsayin nata, sai alƙalin gasar ya ci ya mutu. Dole ta tona wa kanta asiri kafin ta wanke kanta. Na yi dariya har ƙafar ta amsa. A wasu littattafan nata kuma ga Hamish Macbeth, ɗan sandan ƙauye mai gudun ƙarin girma kamar ana binsa bashi.

Da na tambayi wace ce marubuciyar, tsohuwa ta gyara zama. Sunanta na yanka Marion Chesney, haifaffiyar Glasgow a 1936. Ta fara da sayar da littattafai a shago, ta zama 'yar jarida mai ɗauko labaran laifuka. Da suka je Amurka ita da mijinta abubuwa suka cakuɗe, har ta koma raba abinci a wani ƙaramin gidan cin abinci, mijinta kuma yana wanke-wanke a baya. Daga baya ta shiga rubuta littattafan soyayya masu ɗimbin yawa, kafin ta juya ga na bincike a 1985. Ta rasu a ƙarshen Disamba 2019 tana da shekara 83, ba ta ajiye alƙalami ba. Ni dai wannan zaman gidan abincin ne ya tsaya min a rai, wataƙila don na ji shi ne lokacin da ko banɗaki sai an riƙe ni.

Goma sha ɗaya na karanta, tsohuwa ce ke zirga-zirgar maidowa da karɓo sabbi, a cikin wannan sanyin. Na aika mata da dambun nama, ta ce yaji ya kusa kashe ta, amma ta nemi ƙari.

Masu kuloli a gidana, guda bakwai ne a wanke. A zo a karɓa, don har yanzu da sanda nake tafiya.