Ambulan ɗin da ya kusa kashe mana ƙungiya

Duk macen da ke riƙe da ƙungiyar mata a unguwa, ko take shirin kafawa, ina roƙonta ta karanta wannan kafin ta buɗe wa baƙi ƙofa. Mu a nan Sakkwato da rashin kuɗi muka fara, da shi muka saba, bai taɓa hana mu aiki ba. Abin da ya kusa kai mu ƙasa kuɗi ne da aka raba wa mutanenmu a gaban idonmu ba tare da an shawarce mu ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ƙungiyarmu daga makarantar Islamiyya ta matan aure ta tsiro. Akwai malaman firamare, akwai masu ƙuli-ƙuli da masu fura, akwai nas da ta yi ritaya, sai Inna, tsohuwar ungozoma wadda yawancin yaran unguwar a hannunta suka faɗo. Burinmu guda ne, kada mace ta rasa ranta wurin haihuwa a kan abin da ake iya tarewa. Muna bin gida gida mu tabbatar mai ciki ta yanki katin awo, mu tuna mata ranar komawa, tunda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau 8 maimakon sau 4. Muna koyar da alamun da ba a jiran wayewar gari a kansu: zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai sa gani dishi-dishi, jijjiga, doguwar naƙuda. Muna hana shafa man goge baki ko toka a cibiyar jariri, alhali tun 2013 jihar nan ta fara raba maganin cibiya na chlorhexidine. Muna kuma lallashin iyaye a kan kunun kanwa da ruwan wankan jego mai tsananin zafi, waɗanda likitoci suka daɗe suna alaƙantawa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Wannan sai da lalama da ladabi, don uwar miji ba ta karɓar gyara a gaban surukarta.

Abin da ya riƙe aikin duka shi ne asusun gaggawa. Kowace Alhamis, ranar da babu karatu, kowa ta zuba naira 200, wadda ba ta da shi ta kawo abin da ya sawwaƙa. Muna da samari masu keke napep da suka yarda su bar waya a kunne da dare, kuɗin mai kawai suke karɓa. Muna da sunayen mazaje da ƙannenmu da aka gwada jininsu, waɗanda ake kira in an tura mace asibitin Maryam Abacha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka ce a nemo ledar jini. Babu wanda ake biya. Kowa ya san babu wanda ake biya, shi ya sa babu mai zargin wani.

A ƙarshen daminar 2022 wasu baƙi suka zo daga Abuja, wata ƙungiya mai aikin lafiyar mata. Sun ji labarinmu, suna son su yi taron wayar da kai na yini ɗaya, mu tara musu mata. Muka yi murna ƙwarai. Muka kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman, muka ari kujerun roba, muka kafa rumfa, mata suka cika fili har bakin titi. Bayanin da suka yi mai kyau ne, ba ni da abin cewa a kansa, kusan duk abin da muke faɗa ne, sai dai su da lasifika da hotuna.

Ana shirin tashi sai wani matashi daga cikinsu ya buɗe jaka, ya fito da takardar sa hannu da farin ambulan. Duk wadda ta sa hannu ko ta dangwala, sai a miƙa mata naira 2,000, wai kuɗin mota. Matan da suka tako da ƙafa daga lungun bayan masallaci ake ba kuɗin mota! Shugabarmu ta matsa kusa da jagorarsu ta ce, "Hajiya, ba mu yi haka da ku ba." Ta amsa da fara'a cewa ai tsarinsu ne, yana cikin kasafi, in ba a raba ba ma sai an tuhume su a ofis. Kafin a gama wannan magana labari ya zaga unguwa, waɗanda ba su zo taron ba suka ɓarko, ambulan ya ƙare, aka tashi baram-baram. Baƙi suka ɗauki hotunansu, suka shiga mota.

Alhamis ta gaba ɗakin taronmu ya cika fiye da kullum, sai dai ba zubi aka zo yi ba. Wata da ban taɓa gani a taro ba ta tare ni tun daga zaure: "Malama, mi anka kawo muna yau?" Da aka ce babu komai, rabin ɗakin ya watse. Mako na biye har tsofaffin 'yan ƙungiya suka fara janye jiki. Hujjarsu mai sauƙi ce: tunda masu kuɗi sun ɗauke mu, me ya sa talaka za ta ci gaba da zuba ɗari biyunta? In kuwa an ce ba su ɗauke mu ba, to wa ya ga abin da aka ba shugabanni a bayan fage? Wanda ya raba dubu bibbiyu a fili, ai ba za a ce bai bar wa manya komai a ɗaki ba.

Ma'ajiyarmu ce ta fi shan wahala. Mace ce mai tsantseni, wadda ko canjin naira 50 sai ta rubuta. Sabon atamfar da ɗanta ya aiko mata daga Kano ya zama abin nuni a gidan suna. Ta zo gidana da littafin lissafi a hannu tana hawaye, ta ce in karɓa, ita ta gama. Ban taɓa jin zafin wani abu a aikin nan kamar na wannan yammacin ba.

Daga nan abin ya bi kowace kafa. Mazajen da suka bar matansu suna fita aikin Allah suka fara tambayar ina rabonsu, wanda matarsa ba ta samu ambulan ba ya ce ta zauna gida tunda ana wariya. Samarin keke suka ce su ma a yanka musu alawus, in ba haka ba waya za ta kwana a kashe. Ban ga laifinsu sosai ba, yaro yana ganin an biya wadda ta zauna a inuwa ta saurari lacca, shi da yake tashi ƙarfe biyu na dare ba a ba shi komai. Haka ma matan da suka karɓa, ko kaɗan ban riƙe su a zuciya ba. A lokacin, naira 2,000 a hannun mai dakan kuɗi cefanen yini ne har da saura. Ko baƙin ba mugunta suka zo yi ba. Suna bukatar sa hannu da hoto don rahotonsu, sun samu, ba su ne za su kwana a unguwar ba.

Har wurin neman haƙƙi sai da ambulan ya bi mu. Mun daɗe muna bibiyar a ba ƙaramin asibitin unguwarmu ma'aikaciyar karɓar haihuwa ta dare da fitila mai aiki da hasken rana, don da magariba ake rufe shi, naƙuda kuwa ta fi son dare. Mun rubuta takarda, uban ƙasa ya sa mana albarka, kwamitin ci gaban mazaɓa ya sa hannu. Da muka koma bin sawu, wani jami'i ya dube mu ya ce, "Hajiya, ku da manyan ƙungiyoyi sunka ɗauka, ai ku za ku taimaka muna." A da in mun shiga ofis ana ganin iyaye mata ne da suka zo kuka a kan 'ya'yansu. Ranar kallon 'yan kwangila aka yi mana.

Sai ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Asusu ya riga ya bushe, ɗan abin da ya rage yana banki ba ya ciruwa. A cikin wannan hali naƙuda ta kama wata yarinya, haihuwar fari, wadda mu muka raka ta ta yanki kati. Inna ta duba ta ce wannan ba ta gida ba ce. Aka kira lambobin keke ɗaya bayan ɗaya, duk a kashe. Sai gab da asuba aka samu wani maƙwabci mai mota. Uwar ta rayu bayan an ƙara mata jini, jaririn bai zo da rai ba. Rai na Allah ne, na sani, kuma ba zan ce da an kai ta da wuri lalle zai rayu ba. Amma wata shida kafin nan, kira ɗaya ake yi keke ya tsaya a ƙofar gida.

Bayan zaman makoki Inna ce ta tara mu, ta yi mana faɗa irin na uwa. Abin da muka yi daga nan ba dabara ce mai zurfi ba. Muka roƙi mai unguwa ya zauna, matar liman ta zauna, aka kira duk wadda ta taɓa zubi ko sau ɗaya ne, ma'ajiya ta buɗe littafi ta karanta shi da ƙarfi daga shafin farko: ranar kaza an tara kaza, an ba mai keke kaza a kan wance, an sayi auduga da safar hannu na kaza. Karatun ya ɗauki daga bayan la'asar har aka kira magariba. Da ta zo ranar taron baƙi ta karanta kuɗin ruwan leda da na hayar rumfa, ya bayyana cewa daga aljihunmu aka kashe, ko sisi bai shigo ba. Nan ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa ta miƙe ta ce, "Allah shi gafarta muna, mun ɗauki alhakinki." Liman kuma ya yi magana a kai bayan sallar asuba, don mazan su ji daga bakin da suke girmamawa.

Muka daina babban taro gaba ɗaya. Muka raba unguwa lungu lungu, kowane lungu da jagorarsa, a haɗu a tsakar gidan ɗaya daga ciki. Matar liman ce ta tuna mana cewa ba mu muka fara wannan ba a garin nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, haka ta tsara 'Yan Taru: kowane gari da jajinsa, wato jagorar mata, a ɗora mata malfa da jan rawani, ta jagoranci mata su zo ɗaukar karatu su koma su koyar. Kuma matan nan su ke zuwa da abin hannunsu, hatsi ko zuma ko zane, a raba wa mabukata. Jin haka ya yi mini daɗi ƙwarai, don ya ba mu bakin amsa wa duk wadda ta tambayi abin da za a ba ta in ta zo.

Ba na cewa a ƙi taimako. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin keke ya ninka, ɗari biyunmu ba ta kai ko'ina, dole muka ƙara zubi kuma muna karɓar gudummawa da hannu biyu. Amma yanzu duk baƙon da zai zo, sai mun zauna da shi tun kafin a sa rana, mu tambaye shi baki da baki: akwai abin da za a raba? In akwai kuɗin mota a kasafinsa, ya sayo mana kayan haihuwa da shi, ko ya zuba a asusu a gaban shaidu a rubuta a littafi. In ya ce tsarinsu bai yarda ba, mu gode masa, ya nemi wata unguwa. Mun mayar da mutum biyu a kan haka, har da wani mai neman kujera da ya so a rataya hotonsa a rumfarmu. Ku yi wannan tambayar da wuri, kuma ku yi ta ga wanda ke riƙe da jakar kuɗin, don sau da yawa mai yi muku magana mai daɗi a waya ba shi ne mai rabon ba. Littafi kuma kada ku jira sai an yi zargi, mu yanzu duk ƙarshen wata ake karanta shi, ko mutum biyar ne a ɗakin.

Samarin keke sun dawo, sai dai yanzu muna ba su kuɗin mai da ɗan abin shan shayi, kuma an faɗa a fili kowa ya ji. Ma'ajiya ta karɓi littafinta. Akwai matan da har yau ba su sake taka taronmu ba, wasu kunya, wasu kuma har yanzu sun yi imani an ci wani abu, in mun haɗu a biki gaisuwa ce kawai. Fitilar asibiti an sa mana. Ma'aikaciyar dare kuwa har yanzu muna kan bibiya, mun sake rubuta takardar, wannan karon da sa hannun mazajen unguwa da na liman a sama, kuma a sakin layi na farko mun rubuta cewa babu wata ƙungiya ta ciki ko ta waje da ke ba mu ko kwabo.