Yamai ko gida: yadda na zaɓi jami'a bayan bak

Wanda ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Maraɗi, kafin guɗa ta lafa an fara tambayarsa inda zai je karatu. A gidanmu hanya biyu aka tattauna. Ko in tafi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni da aka kafa tun 1971, uwar jami'o'in ƙasar nan, ko in shiga wata ƴar ƙaramar jami'a mai zaman kanta a nan cikin gari. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi ba ta shiga lissafi ba, don ƙarfinta yana wajen kimiyya, noma da aikin likita, ni kuwa lissafin kuɗi da tafiyar da kamfani nake so.

Kawuna, tsohon malamin makaranta, Yamai ya tsaya a kai. Ya ce kuɗin rajista ba su taka kara sun karya ba, mai rabo ya samu burs, wato tallafin karatu, daga hukumar gwamnati ta ANAB, ga ɗaki da abinci na ɗalibai, takardar gwamnati kuma ba wanda zai tambaye ka asalinta. Inna ba ta ce komai ba sai "kilomita fiye da 600, ɗiya mace ita kaɗai?" Baba ɗan kasuwa ne, shi alƙalami ya miƙo mini.

"Rubuta mini kuɗin shekara uku, ba na shekara guda ba."

Lisans, wato digirin farko, shekara uku ce a tsarin LMD (lisans, mastar, dakta). Da na zauna lissafi sai na ga tazarar ba ta kai yadda ake faɗi ba. Makarantar kuɗi tana da tsada, ba musu, amma a gida zan ci, a gida zan kwana, kabu-kabu kawai zan biya. A Yamai in ba a samu ɗaki ba sai haya, ga cefane, ga kuɗin mota duk hutu. Sannan kowa ya san in yajin aiki ya shigo jami'o'in gwamnati, na malamai ko na ɗalibai, shekarar karatu takan ja, mai gidan haya kuwa ba ruwansa da yaji.

Kawu ya sakko, amma da sharaɗi: sai mun ga takardu da idonmu. A makarantar farko da muka je, an rataye izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi a bango cikin gilashi, da hatimi da sa hannu. Ni har na gamsu. Kawu ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa, ya juyo ya ce wa sakataren, "Malam, ina fannin da yarinyar nan za ta karanta? Ban gan shi a nan ba." Aka ce ana kan hanya. Muka yi sallama. A ta biyu fannin yana cikin takardar, suka kuma nuna mana shaidar CAMES, hukumar nan mai mazauni a Wagadugu da ke tantance takardun jami'o'i a ƙasashen Afirka da dama. Nan na shiga.

Daɗin ƙaramin aji gaskiya ne. Malami ya san sunanka, in ka yi fashi zai tambaya, in ba ka gane ba ka ɗaga hannu a maimaita. Abin da ba a faɗa a tallar rediyo shi ne da yawan malaman aro ne daga jami'ar gwamnati. Wani sai ya zo ya zuba darasin wata uku cikin mako guda, safe da yamma, ya tafi. Ɗakin karatunmu kanta biyu ne na littattafai. Kuma kuɗi kashi-kashi ake biya. Na ga ɗalibi mai ƙwazo tsaye bakin ƙofa ranar jarrabawa saboda kashi na biyu bai shiga ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Ƙawata da ta tafi Yamai, su ɗaruruwa ne a zaure guda, ba mai bin ta da tambaya, ita ke bin malamai. Amma ta dawo da abin da ban samu ba: abokai daga Diffa, Agadas da Doso, malaman da ke bincike da kansu, da buɗaɗɗiyar hanya zuwa mastar da dakta. Ni na riga ta fara aiki, ita ta fi ni sanin mutane.

A ganina fannin ne ke zaɓar makaranta. Mai son likitanci ko bincike, gwamnati ta fi masa, don kayan gwaji da asibitin koyo ba kowace ƙaramar makaranta ke iya ɗaukar nauyinsu ba. Bana ƙanena ya ci bak, noma yake so. Da Baba ya tambaye ni, na ce a kai takardunsa Ali Ɗan Sofo.