Lahadin ƙarshen Tour du Faso

Yau ban buɗe shago ba, don yau ake ƙare Tour du Faso na 2023, tseren keke na Burkina Faso, a nan Waga, wato Wagadugu. Tun ranar Juma'a na roƙi Alhaji mai shagon, ya ce ba komai, ai ko an buɗe babu mai zuwa sayen taya alhali rabin Waga na bakin titi. Ɗana Abba ne ya tashe ni kafin kiran assalatu, wai kada mu makara. Na ce masa 'yan tseren ma ba su karya kumallo ba tukuna, ya koma ya kwanta da takalminsa a ƙafa.

Da farin ciki na fita, wallahi. Bara ba a yi tseren ba saboda halin tsaro, a 2020 korona ta hana, kafin nan Ebola ta hana a 2014. Duk shekarar da aka fasa sai in ji kamar an cire wa ƙarshen Oktoba wani abu. Tun 1987 ake yin abin nan, shekarar da aka kashe Sankara, kuma wani ɗan Tarayyar Sobiyet ne ya fara cinye shi. Mu da muke cin abinci da sarƙa da birki da feda, wannan ce sallarmu ta uku. Kwana goman nan kowane yaro a unguwa ya zama ɗan tsere, masu faci ba sa zama, mu ma ciniki na motsawa.

Muka tsaya a teburin Baba Ilu don shan shayi, ya kunna ƙaramin talabijin ɗinsa, tashar gwamnati RTB na nunawa. Mutum ya kai goma a kan benci biyu. Abba ya samu biredi da madara ya manta da ni.

Nan abin ya faru, kuma shi ya sa na zauna rubutu a daren nan maimakon in kwanta.

Kyamara ta nuna wani ɗan tsere ya saki ayarin, ya ja baya har wurin motocin da ke biye. Ya ɗaga hannu, motar ƙungiyarsu ta matso, aka riƙa miƙo masa gorunan ruwa ta taga. Ya cika aljihunan baya, ya tura wasu ta wuyan riga har bayansa ya yi tudu, ya sa ɗaya a kejin keke. Daga nan ya miƙe a kan feda ya bi sawun ayarin da ya riga ya ba shi rata, iska na dukansa shi kaɗai. Da ya cim musu ya riƙa kutsawa yana rabawa abokansa ɗaya bayan ɗaya, har bayansa ya koma daidai.

Baba Ilu ya tsaya da butar shayi a hannu. Ya ce, “Sani, wannan kuma laifin me ya yi?”

Na ce, “Ba laifi ba ne, Baba, aikinsa ke nan. Kowace ƙungiya tana da jagora ɗaya da take so ya ci, sauran hidima suke masa.”

Na shiga yi masa bayani da zumuɗi, don abu ne da nake so. Na ce ba wanda ya riga shiga yau ne ke cin tseren ba. Zango goma ne, sama da kilomita 1,000, kullum ana rubuta lokacin kowa, a ƙarshe a tara. Wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ke sa rigar rawaya, ko da bai taɓa riga kowa tsallake layi ba. Mai koriyar riga kuma maki yake tarawa a wuraren gudun ƙarshe. Na ce masa babban abokin gabar ɗan keke a ƙasar nan ba tudu ba ne, don ƙasar a shimfiɗe take, iska ce da rana. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da na gaba ke sha. Shi ya sa za ku ga mutum uku ko huɗu sun jeru a gaban jagoransu suna sare masa iska, wannan ya gaji ya kauce, wancan ya karɓa. In tayar jagora ta fashe kuma mota na nesa, na kusa da shi zai cire tasa ya ba shi, ya tura shi, shi ya tsaya a bakin hanya da keke mai ƙafa ɗaya yana jira.

Baba Ilu ya zuba wa wani shayi, ya karɓi kuɗi, ya dawo. Ya ce, “To shi mai ruwan, me zai samu?”

Na ce kuɗin kyauta ba na mutum ɗaya ba ne, al'adar tseren keke ita ce a tara abin da ƙungiya ta ci a raba, har makanike da mai tausa a ba su nasu.

Ya ce, “Wa ke rabawa?”

Na ce manyan ƙungiya.

Ya ce, “Suna fa? Shi ma ana rabawa?”

Na yi shiru kaɗan, sannan na ce ai waɗanda suka san abin sun san darajarsa, kuma da yawa daga manyan 'yan tsere da ɗaukar ruwa suka fara. Yaro ya yi hidima shekara biyu, uku, ƙafarsa ta yi ƙwari, wata rana a ce yau taka ce, sauran su jeru a gabansa. Haka na faɗa, kuma har yanzu na yarda da shi.

Ya goge teburin da tsumma, bai dube ni ba, ya ce, “Kai fa, ɗan nan, Alhaji ya ce maka yaushe ne taka?”

Ba da mugunta ya faɗa ba. Duk wanda ya san Baba Ilu ya san ba ya yi wa mutum habaici.  Shi ma yaron shago ne a Rood Woko, babbar kasuwar Waga, tun yana da baƙin gashi, maigidansa ya yi masa alkawarin sallama bayan babbar salla, sai gobarar 2003 ta cinye kasuwar da kayan da alkawarin gaba ɗaya. A shekarar gobarar kuma aka rushe unguwar Zangwatin inda yake haya, Hausawan unguwar suka watse. Da teburin shayi ya tashi daga wannan shekara, yana kansa har yau. In mutum irin wannan ya yi maka tambaya irin wannan, ba ka da amsar da za ta wuce ta sama-sama.

Na ce, “Baba, komai da lokacinsa.” Ya ce, “Haka ne. Allah ya kawo lokacin da sauran ƙarfi a ƙafa.” Masu benci suka ce amin, suka koma kallon talabijin.

Muka tafi bakin titi ni da Abba. Jama'a maƙil, mata da tutoci, yara a kan katanga, masu sayar da ruwan leda suna ciniki. Motocin talla suka fara wucewa da kiɗa suna jefa huluna da riguna, Abba ya cafe hula ɗaya da ta fi kansa girma. Sai jandarmomi a kan babura, sai jiniya, sai aka ce ga su nan. Ba a ganinsu yadda ake gani a talabijin. Wani irin shuuu ne na tayoyi da ƙarar sarƙoƙi, iska ta bugi fuskarka, launuka su gifta, shi ke nan. Na ɗaga Abba a kafaɗa, yana ihu yana cewa ya ga mai rawaya. Ni ma na yi ihu har maƙogwarona ya bushe. Motocin ƙungiyoyi suka bi baya da kekuna a kan rufi.

Mutane suka fara watsewa, wasu suna gudu zuwa wurin da za a ƙare. Ni na tsaya, don na san akwai saura.

Bayan mintuna sai ga su, ɗaya, sannan biyu tare, sannan wani shi kaɗai can baya, motar da ke kwashe waɗanda suka gaza na bin sa a hankali. Wannan na ƙarshen na gan shi sosai don ba gudu yake ba. Gishirin gumi ya yi fari a baƙin wandonsa, jar ƙura ta manne a ƙwaurinsa, gwiwar hannunsa na naɗe da bandeji da ya riga ya yi datti. Bakinsa a buɗe, idonsa a kan tayar gaba. Kejin ruwansa babu komai. Wata tsohuwa Bamosa kusa da ni ta tafa masa ita kaɗai tana masa magana da Mosanci, ni ma na tafa. Bai ɗago ba. Dole ya kai layi kafin wa'adin da alƙalai suka yanka, in ba haka ba a cire sunansa kamar bai yi kwana goman ba.

Abba ya ce, “Baba, wannan shi ne na ƙarshe ko? Bai iya ba.” Na ce masa ya iya, wataƙila tun safe shi ke gaba yana sha wa wani iska. Ya ce to me ya sa ba a ba shi riga. Na ce mu tafi rana ta yi.

Paul Daumont, ɗan Burkina Faso, ya ci tseren. Garin ya kama da hon na babura har bayan la'asar. Tun Mathias Sorgho a 2018 ɗan ƙasa bai ci ba, ɗan Angola ya tafi da shi a 2019, Bajamushe a 2021, saboda haka murnar ta yau ta daban ce, a shekarar da mutanen ƙasar nan ke neman abin da zai sa su yi dariya. Yaron ya cancanta, ya je har wasannin Olamfik na Tokyo, kuma duk wanda ya ga yadda yake taka keke ya san ba sa'a ba ce. Na yi murna da gaske. Sai dai ina tafe ina jan hannun Abba, maganar Baba Ilu na tafe tare da ni.

Ba na so a karanta wannan a ɗauka ina ƙarar Alhaji. Shi ya ɗauko ni daga Dogon Dutsi ban san kowa a Waga ba, shi ya tsaya a aurena, ranar da aka haifi Abba shi ya kawo rago. Bai taɓa ƙirga kuɗin aljihun tebur a gabana ba. Amma ni na san kowane dila, ni ke zuwa karɓar kaya, ni na san wanda za a ba bashi da wanda in ya karɓa sai a lahira. In baƙo ya zo ya tambayi shagon wa, sunan Alhaji za a faɗa, kuma daidai ne, nasa ne. Zancen sallama ya taso sau ɗaya tun kafin korona, ya ce bari kasuwa ta daidaita. Kasuwa ba ta daidaita ba. Hanyoyi sun lalace, kaya sun yi tsada, kuma yaransa biyu sun tasa, babban ya fara zama a shago ranar Asabar.

Abin da ke cin raina shi ne duk abin da na faɗa wa Baba Ilu gaskiya ne, kuma duk da haka bai amsa tambayarsa ba. Ɗaukar ruwa aiki ne mai daraja, ba wanda zai ci tseren kwana goma ba tare da masu yi masa shi ba. Wasu kuma ana ba su ranarsu. Amma na daɗe ina kallon tseren nan, na san akwai waɗanda suka yi ta ɗauka har gwiwa ta ƙi, suka sauka, ba a taɓa cewa yau taka ce ba. Ba don an zalunce su ba ma, kawai kullum akwai dalili, ko wani ya fi su gudu, ko bana ba shekarar gwaji ba ce. Su kansu ba su tambaya ba, don mai hidima nagari ba ya son a ce yana da ido a kan rigar.

Maman Abba ta yi dambu. Na ci kaɗan.

Inna ta kira bayan magariba, layin na yankewa. Ta tambayi yaushe za mu zo, na ce sai hanya ta yi kyau. A da tseren nan kan je har Fada Ngurma da Wahiguya, mu kuma mu bi ta Fada da Kancari mu kwana a Yamai ba tare da tunanin komai ba. Yanzu ba mai ɗaukar iyalinsa ya bi nan.

Wuta ta ɗauke, ta dawo. Abba ya yi barci da hular.

Na ba Maman Abba labarin Baba Ilu tun daga farko. Ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta ce ita ta daɗe da wannan tambayar a ranta, ta bar ta ne don kada in ce tana zuga ni. Shawararta ita ce kada in tunkari Alhaji da kaina, in bari Malam Hamisu ya fara taɓa masa zancen bayan sallar Juma'a, tunda yana jin maganarsa, kuma in an ƙi ba a ƙi ni a fuska ba. Ta ce ko ba shago ba, ko kwali goma na tayoyi da tib a ba ni bashi in fara a gefen gida, ai masu kekuna ba sa ƙarewa a garin nan. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Na ce ta bari in kwana da shi.

Gobe da sassafe akwai kayan da za a sauke, kuma makullin sito na hannuna, sai na riga motar isa.