Godiya ga duk wanda ya sa hannu a Land Rover ɗin Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, ranar Asabar ɗin da ta wuce na ɗauki Hajiya daga Zariya zuwa ƙauyenmu a tsohuwar Land Rover ɗin marigayi Baba. Mun je mun dawo, ba a tura mu ba, ba a ja mu ba. Wanda bai san motar ba zai ce to ina abin labari a nan? Amma 'yan unguwarmu sun san shekarun da ta yi ɗare a kan bulo a bayan gida, kaji na ƙwai a kan kujerar direba, yara na wasan ɓuya a bayanta. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Akwai mutanen da na ci bashin alherinsu, kuma ba ni da abin biya sai addu'a.

Motar irin wadda ake kira Series III ce, doguwar, mai inci 109 tsakanin tayar gaba da ta baya. An ƙera irinta a Solihull ta Ingila daga 1971 zuwa 1985. Injin fetur ne da ita mai silinda 4, lita 2.25. Baba ya saye ta ne a gwanjon motocin gwamnati, da ita ya yi ta jigilar taki da buhunan masara har ƙarfinsa ya ƙare. Da aka zo rabon gado ba wanda ya waiwaye ta sai 'yan gwangwan. Su kuwa sun san abin da suka hango: bodin Land Rover alminiyam ne, ba ya tsatsa, a narka shi a zuba tukwane. Sau uku suna taya ta. Godiyata ta farko ga yayyena da ƙannena da suka yarda aka sa mata kuɗi aka cire a kasona, ko da yake babban yayanmu ya ce mini, "Kai dai ka sayi wahala da kuɗinka." Yaya, ba ka yi ƙarya ba.

Babbar godiya kuma ga wani dattijo, tsohon bakanike, abokin Baba. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa. Ya daɗe da barin gareji, idonsa ma ya yi rauni, amma kunnensa na nan. Ranar da ya fara zuwa ya tarar ina fama da wani noti, sifanata sai zamewa take yi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan motar Bature ce na da, ba ta jin milimita, da inci aka ɗaure ta." Washegari sai ga shi da tsohon buhu cike da sifanu, wasu sun girme ni.

Injin ya kafe, ko motsi ba ya yi. Ni har na fara tambayar kuɗin injin Beljiyam, ana faɗa mini na yi shiru. Baba dattijo ya ce in cire filogi huɗun, in tsiyaya gas a kowane rami, in rufe in tafi harkata. Kullum da yamma ya zo, mu zura ƙarfen nan na tayar da injin da hannu ta gaban mota, mu ɗan jijjiga kaɗan, ya ce ya isa haka. Ni ina so in danna da ƙarfi, shi yana riƙe mini hannu, wai fistin ba ya son gaggawa. Muka yi mako biyu a haka. Ranar da ƙarfen ya zagaya, ya zauna a kan benci ya ɓare goro bai ce komai ba. Daga baya muka sauke kan injin, muka canza ringi da gasket, ya wanke kafireto da hannunsa yana shafa kowane ƙaramin rami kamar mai tsintar shinkafa. Duk wannan, kuɗin mota da goro kawai ya taɓa karɓa a hannuna. Baba dattijo, Allah ya sa a mizani, ya ƙara lafiya.

Abin da ban sani ba sai da na shiga ƙarƙashinta shi ne, kyan bodin nan yaudara ce. Shasin ƙarfe ne, kuma shi ne ya ci tsatsa. Gindin baya inda ake ɗaura igiyar ja, da inda direba ke ajiye ƙafa, sai ka soka sukurdireba ta wuce. Nan mai walda na unguwarmu ya shigo. Mun je Panteka a Kaduna tare, ya zaɓo falanki mai kauri a cikin tarkace da rabin kuɗin sabo, ya yanka kwali ya fitar da siffar kowane guri kafin ya taɓa ƙarfe. Wuta kuwa kun san halinta, sai mun jira an kawo, wani lokacin ƙarfe ɗayan dare. Ya yarda na biya shi kaɗan-kaɗan, bai taɓa aiko yaro tambaya ba. Na gode, maigida.

Na fara aikin ne kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Bayan nan Naira ta faɗi, kayan gyara suka tashi, abin da na yi wa lissafin wata shida ya ci damina biyu. Akwai lokacin da na rufe ta da tamfol na ce na haƙura. Uwargida ce ta ɗauko kuɗin adashinta ta ajiye mini a kan darduma, ta ce in sayi sifirin ɗin baya in daina zaga gida da fuska kamar an yi mini mutuwa. Ita ce kuma ta rasa tsakar gidanta, ta mayar da igiyar shanya soro, ta rasa bahon wankinta guda biyu da na wanke kayan giya a ciki da kananzir. Har yau ban biya bahon ba, na sani. Allah ya bar mu tare, ya saka miki da Aljanna.

Ba kowa ne ya kyauta ba, gara in faɗa don wani ya kiyaye. Wani mai shago ya sayar mini da fanfon birki a cikin kwali mai kyau, ya rantse sabo ne, ashe tsoho aka wanke aka fesa wa fenti. Ranar gwaji na farko, na fito layi a giya ɗaya, na taka birki sai ƙafata ta tafi har ƙasa. Abin da ya taimake ni, birkin hannu na wannan mota ba tayoyi yake kamawa ba, yana bayan akwatin giya ne, ba ruwansa da man birki. Na finciko shi, motar ta yi tsalle, amma sai da hancinta ya taɓa katangar maƙwabcina ya zubar da bulo shida. Alhaji ya fito da carbi a hannu, ya duba ni ya duba katanga, ya ce, "Lafiyarka ƙalau dai ko?" Ya hana ni biya. Da daddare na aika masa da buhun siminti, da safe ya dawo mini da shi. Alhaji, Allah ya bar zumunci. Shi kuwa mai shagon, na bar shi da Allah. Duk mai gyaran tsohuwar mota ya yi tsimi a fenti da kujera, amma kada ya yi a birki.

Godiya ga rewaya da ya zare wayoyin da ɓeraye suka cinye ya ja sababbi, da mai faci da ya nemo mini tayoyi masu lamba 7.50-16 na hannu masu sauran rai, da yarana da 'ya'yan maƙwabta da suka goge bodi da sanfefa har yatsunsu suka yi fari. Fentin ni na fesa da kaina da injin aro, kuma na yi kuskuren yinsa a cikin hunturu. In ka shafa ƙofar hagu za ka ji ƙurar bara a ciki. Na bar ta haka.

A hanyar ƙauye, bayan mun sauka daga kwalta, mun tarar da wani kwari da ruwa ya cika da laka, wata ƙaramar mota ta maƙale a gefe. Gabana ya faɗi, don ban taɓa gwada ta a irin wannan ba. Na tsaya, na ja sanda mai jan kai zuwa baya don sa ƙaramar giya kamar yadda dattijo ya koya mini, ɗaya sandan mai ruwan ɗorawa na jan taya huɗu ya ɗago da kansa, na saki kuloci a hankali. Ta shiga tana gurnani, ta fita ta ɗaya gefen, muka kuma ɗaura igiya muka fito da masu ƙaramar motar. Hajiya ba ta yi magana ba tun daga gida. Sai a nan ta dafa ƙarfen gaban kujerarta ta ce, "Kukan nan nata bai canza ba. Tun daga bakin kasuwa nake gane Malam ya dawo." Ta juya fuska wajen taga. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Baba a addu'a, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa.

Wanda na manta ban ambata ba ya yafe mini, ba raini ba ne. Motar har yanzu tana ɗigar da man giya ta gaba, na ajiye mata tsohon faranti a ƙasa, kuma abin goge gilashi na gefen fasinja ba ya aiki. In akwai wanda ya san inda wata irinta take kwance a Zariya, Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, don Allah ya sanar da ni kafin 'yan gwangwan su riga ni.