Godiya ga waɗanda suka riƙe cibiya ba na nan

Assalamu alaikum.

Yau mako guda ke nan da komawata aiki, bayan makonni bakwai da na yi tsakanin gadon asibiti da jinya a gida. An yi min tiyata, an kuma dace, alhamdulillahi. Saƙonnin da suka taru a wayata sun fi ƙarfin in bi su ɗaya bayan ɗaya, don haka na ce bari in rubuta guda, kowa ya ɗebi rabonsa. Yaba kyauta tukwici.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Duk shekarun da na yi ina shugabantar wannan cibiya ta renon yara da karatun farko, gani nake idan na matsa komai zai zube. Makullin ɗakin ajiya a jakata yake kwana, kalmar sirrin kwamfutar ofis a kaina take, jadawalin mai zuwa da sassafe da mai tsayawa har a ɗauki yaron ƙarshe ni kaɗai nake tsarawa. Da na farfaɗo, tambayar farko da na yi ita ce wa ya buɗe ƙofa. Mataimakiyata ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙofa ta buɗu tun ɗazu, ke dai ki kwanta."

A mako na uku ƙarambau ta shigo mana. Duk wanda ya yi aiki da ƙananan yara ya san halinta: yaro yana fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito, wanda ya ɗauka kuma sai bayan kwana 10 zuwa 21 take bayyana a jikinsa. Kafin ka ga na farko, ta riga ta zaga aji. Mataimakiyata ba ta jira ni ba, ba ta kuma ɓoye ba. A ranar ta aika wa iyaye takarda, ba tare da ta ambaci sunan yaron ba. Ta gaya musu kada yaro ya dawo sai ƙurajen sun bushe duka, kada kuma a ba shi asfirin don zazzaɓi, domin yana da haɗari ga yaro mai wannan ciwo. Ta raba ɗakin jarirai da sauran azuzuwa, ta kuma tura ɗaya daga cikin masu renonmu, wadda take da juna biyu, ta ga likita ta zauna a gida da albashinta cikakke. Da ni ce, na san sai na yi kwana biyu ina juya maganar, ina tsoron abin da iyaye za su ce. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri.

Tafiyar mutum ɗaya ba ƙaramin giɓi ba ne a wurinmu, domin ƙa'idarmu a ɗakin jarirai ita ce babba ɗaya ga jarirai uku, ba ma sassautawa. Iyayenmu biyu, tsofaffin malamai da suka yi ritaya, suka zo sa kai. Na ji daɗin zuwansu, na ƙara jin daɗin cewa ba a bar su su kaɗai da yara ba sai da aka kammala tantance su kamar kowa, kuma ba su ɗauki hakan raini ba.

Malamai da masu reno, ku ne kuka fi shan wahala. Idan hannu ya yi ƙaranci, abu mafi sauƙi shi ne a kunna wa yara katun a samu numfashi. Ba ku yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, kallon talabijin ko waya kuma kada ya wuce awa ɗaya. Na duba rajistar azuzuwa da na dawo: an fita wasa kullum, an yi barcin rana a kan lokaci, an karanta labari. Mutane suna ganin aikinku canza ƙunzugu ne da share majina. Ba sa ganin lokacin da jariri zai yi gwaranci ki amsa masa, ya nuna abu ki faɗa masa sunansa. Masu bincike a jami'ar Harvard sun ce a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin haɗi tsakanin ƙwayoyinta sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma irin wannan amsa-amo ne yake ƙarfafa su. Mama mai girki, masu shara da suka riƙa wanke kayan wasa safe da yamma, da Baba mai gadi da ya ƙi miƙa yarinya ga wanda sunansa ba ya cikin takardar masu ɗauka duk da faɗan da ya sha, na gode ƙwarai.

Kwamitin amintattu, na sha yin ƙorafi a zuciyata kan dokarku ta sa hannun mutum biyu kafin kuɗi ya fita. Ita ce ta sa albashi bai makara ba. Cibiyar da ba don riba aka kafa ta ba, ba ta da mai ita da zai zura hannu aljihu idan abu ya taso, kuma yawancin tallafi a ɗaure yake zuwa: na littattafai ba ya biyan albashi, na gyaran gini ba ya sayen abinci. Ma'ajinmu da akanta suka zauna suka haɗa rahoton da masu ba da tallafi suke jira, daga rasit ɗin da na cusa a aljihun tebur ba tsari. An ce min shugaban kwamiti ya yi taron a kan kujerar 'yan shekara uku, gwiwoyinsa a ƙirji. Laifin Maria Montessori ne, masaniyar ilimin yara 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a birnin Rum a 1907 ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawon yara. Ranka ya daɗe, a yi mana afuwa.

Iyaye, na san wasunku sun rasa kwanakin aiki suna jinya a gida, wasu har da na ƙanne da suka ɗauka daga baya. Wata uwa ta yi fushi sosai, kuma tana da gaskiya: lambar da muka ba ta ta gaggawa tawa ce, wayar kuwa tana kashe a asibiti. Wannan sakacina ne, ina neman afuwa. Yanzu lambar ofis ce, mutum uku suke riƙe ta bi da bi. An yanko makullai, jadawali ya koma hannun mataimakiyata, kuma mun fara rubuta duk abin da a da a kaina kawai yake zaune.

Ranar da na dawo na shiga ajin 'yan shekara uku ina jiran a rugo a rungume ni. Wani yaro da aka kawo bayan tafiyata ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Anti, ke baƙuwa ce?" Sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wanke hannu, ya ce a nan ake farawa.