Sabar Waƙa a Kano: Daga Soket Na Fara Zaɓe

Duk wanda zai zuba manyan kuɗi a kan sabar waƙa a Kano, shawarata ita ce ya fara duba soket ɗin bangon falonsa kafin ya buɗe shafin kowane kamfani. Masu rubuta sharhi a kan waɗannan na'urori galibinsu suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta ko ƙiftawa, intanet ba ya yankewa, zafin ɗaki kuma bai taka kara ya karya ba. Sai su cika shafi da bayanin zaƙin sauti, su tsallake abubuwan da a wajenmu su ne za su nuna ko na'urar za ta daɗe tana aiki, ko kuwa za ta koma kayan ado a kan teburi.

Ga wanda bai san sabar waƙa ba, kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki guda. Tana adana fayilolin sauti, ta jera su, ta miƙa su ga DAC, wato na'urar da ke mayar da lambobi su koma sautin da amfilifaya za ta tura wa lasifika. Da waya ko tablet ake sarrafa ta daga kan kujera. Abin da ya kai ni gare ta kuwa tarin da ya fi ƙarfina ne: fayafayan CD da na tara tun ina saurayi, kwalayen kaset na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da memori da filasha birjik. A ciki akwai karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, ƙasidu, kiɗan fada, kalangu, kukuma, da jazz ɗin da nake saurare idan gida ya yi shiru. Ina son in same su wuri ɗaya, in ji su yadda aka ɗauke su.

Sunayen da na yi ta juyawa su ne Aurender na Koriya ta Kudu, Innuos na Portugal, Melco na Japan, Antipodes na New Zealand, da Nucleus na kamfanin Roon. Can sama akwai na Taiko Audio na ƙasar Holan, wanda kuɗinsa ya haura dala 20,000, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ban ma tsaya lissafa shi ba. Can ƙasa kuma akwai Raspberry Pi, wato wata 'yar ƙaramar kwamfuta, da manhajar Volumio, wanda yaro mai basira zai haɗa maka da yamma guda, kuma wallahi ba abin rainawa ba ne. A iya zagayen da na yi a Beirut Road da Farm Centre da Sabon Gari, za ka sami faifan ajiya na SSD da rauta da kebul, amma ita kanta sabar sai dai a yi odarta daga waje.

Wani surukina da ke Amurka ya ce zai saya ya turo mini. Na yi masa godiya, na ce ya bari. Wutar Amurka volt 120 ce a kan hertz 60, tamu kuwa volt 230 a kan hertz 50. Manyan sabobi da yawa suna amfani da taransifoma mai nauyi a cikinsu don tsabtace wuta, irin wannan kuma tun daga masana'anta ake saita shi da wutar ƙasar da za a kai shi, ba kamar cajar waya ba da ke karɓar duk abin da aka ba ta. Ta Ingila na bi, domin wutarsu da tamu iri ɗaya ce, har filoginsu mai ƙafa uku shi ne namu. Da kwalin ya iso, kafin in taɓa komai sai da na juya bayan na'urar na karanta abin da aka rubuta kusa da mashigar wuta.

Kafin nan ma na kira mai gyaran wutar da ya saba yi mana aiki. Ya zura mita a soket, ya kwance murfin, ya haska ciki da tocilan, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, a ido ƙafa uku gare shi, amma ta ukun ba ta je ko'ina ba." Wato babu wayar ƙasa. Gidaje da yawa a garin nan haka suke, kuma shi ne ke kawo gurnanin nan da ake ji a lasifika ko ba a kunna komai ba, ga haɗarin jan wuta idan ka taɓa jikin ƙarfe. Muka kafa sandar jan ƙarfe a bayan gida, ya jawo layi na musamman daga inbata zuwa falo, wanda bai haɗa hanya da firij ko injin jan ruwa ba. Ya kuma tabbatar mini inbatar mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce. Akwai masu araha da wutarsu ke fitowa a gutsure, ita ce ke sa taransifoma ya yi ta ƙugi yana ɗaukar zafi. Ƙaramin janareta kuwa ya ce kada in kuskura in haɗa su kai tsaye. Da damina, idan hadari ya haɗo ana walƙiya, zare filogi nake yi gaba ɗaya, har da kebul ɗin intanet.

Batun wuta ne ya yanke mini zaɓi. Saba tana rubuta bayanai a cikinta ko da ba ka gani, kuma idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, jerin waƙoƙin zai iya lalacewa. Innuos Zen Mk3 ya ja hankalina ƙwarai saboda yana da ramin zura CD, ya kwafe shi da kansa. Amma Aurender N200 yana da wata 'yar ma'ajiyar wuta a cikinsa, wadda idan wuta ta yanke take ba shi damar kashe kansa cikin tsari. Yana kuma da gurbi biyu da za ka saka faifan ajiya da hannunka, don haka idan ɗaya ya mutu sai in sayi wani a nan Kano, ba sai na tura na'ura ƙetare ba. Shi na ɗauka. Inbata ma takan mutu da tsakar dare idan batir ya ƙare, kowa ya sani.

Ba shi da fanka, jikinsa na alminiyon shi ne ke fitar da zafi. Wannan alheri ne da hunturu, domin babu abin da ke zuƙo ƙura ciki. Amma da bazara, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, yana buƙatar iska ta kowane ɓangare. Hajiya ta so ta lulluɓe shi da ƙyallen leshi kamar yadda take yi wa talabijin, muka yi yarjejeniya sai an kashe shi ya huce. Rufaffiyar durowa mai gilashi kuwa ba wurinsa ba ne.

To, sauti fa? A nan zan faɗi abin da kunnena ya ji, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ɗan yayata, wanda ya karanta injiniyancin lantarki, shi ya tsara gwajin. Ya haɗa sabar da laptop ɗina zuwa DAC ɗaya ta USB, fayil ɗaya, ya kunna sautin gwaji na hertz 1,000, ya auna da mita a bayan lasifika har ƙarfin ya zo daidai. Ya ce, "Kawu, in ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da kaɗan ne, shi za ka ce ya fi daɗi. Juya baya." Na juya, ya yi ta canjawa. Wani lokaci nakan ji kamar sabar ta fi natsuwa, musamman a tsakanin bugu da bugu, wani lokaci kuma in kasa rarrabewa. Dalilin a fili yake: DAC na zamani mai kyau da agogon kansa yake amfani idan ta USB aka ba shi, don haka abin da ya rage wa saba shi ne kada ta turo masa hayaniyar lantarki. Bambancin yana nan, amma siriri ne. Ranar da na shimfiɗa kafet mai kauri a kan tayil, na rataya labule mai nauyi, na jawo lasifika daga jikin bango, canjin da na ji ya ninka wancan nesa ba kusa ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya fara da lasifika da gyaran ɗaki, sannan DAC.

Haka nan batun manyan lambobin da ake talla da su. CD, wanda ya fito kasuwa a 1982, bit 16 ne a kan kilohertz 44.1, kuma wannan yana ɗaukar sauti har kilohertz 22, alhali kunnen ɗan'adam a ƙuruciyarsa ma a 20 yake tsayawa. Ina da fayiloli masu bit 24 a kan kilohertz 192, wasunsu na da daɗi matuƙa, amma saboda an ɗauke su da kyau ne tun a situdiyo. Abin da ya fi shafar mu shi ne girmansu. Awa guda ta CD tana cin kimanin megabait 635, tsarin matse fayil na FLAC ya rage kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, ka ga terabait ɗaya zai ɗauki fayafayai sama da 2,000. Sauraren irin wannan kai tsaye ta intanet kuwa cinye data yake yi, kuma in sabis ya yi rauni sai waƙa ta tsaya a tsakiya. Shi ya sa na dage a kan na'urar da za ta yi aiki da abin da ke cikinta ko babu intanet, rautar gida kawai ta ishe ta magana da waya.

Inda ainihin aikin yake, kuma inda babu kamfanin da zai yi maka, shi ne kayanmu na gida. In ka kwafi CD na jazz, nan take sunan mai kiɗa da shekara da hoton bango za su fito, domin suna cikin rumbunan bayanai irin su MusicBrainz. Manhajar Roon ma ƙarfinta ke nan, tana jawo tarihin mawaƙi da waɗanda suka yi masa kiɗa. Saka mata kiɗan kotso ko taushi, ba abin da za ta jawo, domin ba wanda ya shigar da shi. Da hannu nake rubutawa a manhajar Mp3tag: sunan makaɗi, wanda aka yi wa waƙar, irin kayan kiɗan, garin da aka yi. Tun farko ka tsayar da ƙa'ida a kan haruffa masu lanƙwasa, domin in ka rubuta suna da ƙ a wani fayil, da k a wani, manhaja za ta iya raba su gida biyu.

Waƙoƙin da na karɓo wajen masu turi a memori kusan duk MP3 ne masu kilobit 128, wasu ma an kwafa an sake kwafa. Mayar da su FLAC ba ya dawo da abin da aka riga aka zubar, girma kawai yake ƙara musu. Na bar su yadda suke a jaka daban. Saba mai tsada ba ta ɓoye aibin fayil, fito da shi take yi.

Kaset-kaset ɗin nan su ne suka fi cin lokacina, su ne kuma suka fi biyana. Na samo tsohuwar dek, aka canja mata bel, na goge kan da ke karanta kaset da auduga da sifirit har audugar ta daina fitowa da launin ƙasa. Kusa da kan akwai wani ɗan ƙaramin sukuru. Sai ka kunna kaset, ka sa sukudireba, ka juya shi a hankali kamar rabin zagaye, kana saurare. Sauti na cikin dushewa sai ka ji ya buɗe: kaifin makaɗi a kan fatar kalangu ya fito, ka ji lokacin da aka matse tsirkiya murya ta hau, ka ji 'yan amshi sun rabu da juna maimakon su dunƙule. Kowane kaset da saitinsa, domin ba a inji ɗaya aka ɗauke su ba, yawancinsu kwafi ne irin wanda ake saya a Ƙofar Wambai a wancan zamani. Da manhajar Audacity nake ɗauka a bit 24, kuma ba na wanke shuu ɗin kaset da yawa, don in ka matsa sai ya tafi da numfashin mai waƙar. Nakan ajiye ɗanyen a gefe ban taɓa shi ba.

Saboda wannan wahala ne nake da kwafi biyu bayan wanda ke cikin sabar, ɗaya a ɗakina, ɗaya a gidan ƙanena a wata unguwa, ina sabunta su duk lokacin da na ƙara wani abu mai yawa. SSD na iya mutuwa ba sallama. Na'ura ana sake saye, amma wasu kaset ɗin a juyin da na yi musu na ƙarshe zarensu ya tsinke.

Da yawansu babu rubutu a jiki, ko kuma biro ya goge. Irin waɗannan nakan ɗauko Baffa, ƙanen mahaifinmu, in zaunar da shi a tsakiyar lasifikan biyu in kunna. Ba ya wuce baiti ɗaya yake ɗaga hannu ya faɗi sunan makaɗin, da basaraken da aka yi wa, wani lokaci har da bikin da aka yi ta. Akwai wanda ya saurara ya ce, "Wannan ba shi ba ne, yaronsa ne. Ba ka ji ba ya jan numfashi kafin ya shiga ba?" Na ce, "Baffa, ni ban ji ba." Ya ce in mayar baya, na mayar, sai ga shi kuwa. Duk abin da ya faɗa ina rubuta shi a gurbin sharhi na fayil ɗin, tare da cewa daga bakinsa na ji, inda kuma ya yi shakka in sa alamar tambaya. Akwai sauran kwali biyu da ba mu buɗe ba, mun yi alkawari sai bayan sallah.