Laraba: Yayansu ya zo da magana

Tumfure, Gombe.

Yau ban yi aikin kirki ba. Ɗinkin ankon Zumuntar Mata na jibge a kan tebur, taro ya matso, amma tun hantsi na rufe keken na zauna.

Muna gama addu'ar safe Yayansu ya ce yana da magana da mu. Na ɗauka zancen aure ne, har na fara gyara zama. Sai ya durƙusa ya ce, "Baba, Mama, aikin nan na Abuja ba na jin zan karɓa. So nake in tafi makarantar tauhidi a Jos, in na gama in shiga EMS." EMS ita ce ƙungiyar ikkilisiyar ECWA mai aika masu bishara. Wai tun yana bautar ƙasa abin ke damunsa, ya yi ta kawar da kai, abin ya ƙi barinsa. Babansu bai ce uffan ba, ya ɗauki hularsa ya fice. Wanda ya san shi ya san gara ya yi faɗa da wannan shirun.

Ni kam lissafi ne ya fara zuwar mini: kuɗin makarantar ƙannensa, fanshon da sai an ga dama ake biya, da gonarmu ta Billiri da muka jinginar yana jami'a, har yau ba mu fanso ta ba. Duk dangi sun ji labarin aikin, an yi ta yi mana barka.

Mu masu bi bakinmu ya saba da "nufin Allah ne". A gidan makoki mu faɗa, damina ta yi gardama mu faɗa. Wannan ba wuya, domin abin ya riga ya auku, ba wanda ya nemi shawararka. Mai wuyar shi ne wanda aka ajiye maka a gaba, kana da bakin cewa a'a, kuma in ka ce a'a ba mai ganin laifinka. Sannan ni ba kowane "Ubangiji ya ce mini" nake haɗiyewa ba. Na ga samarin da aikin gwamnati ya ƙi samuwa, dare ɗaya suka wayi gari da kira. Nawa kuwa ga aikin a hannu yana ajiyewa, shi ya sa na kasa samun inda zan kama shi.

Da la'asar na hau Napep zuwa Bolari wurin Kaka. 'Yar Kaltungo ce, inda 'yan mishan na SIM suka sauka a 1917, kuma marigayi mijinta a aikin bishara na EMS ya ƙare rayuwarsa. Takan tuna mana cewa EMS ta girmi ECWA kanta, don an kafa ta a 1948, ECWA kuwa sai 1954. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, tabaraunta ɗaure da zare a kunne ɗaya. Na zayyana mata komai, hannunta bai tsaya ba.

"'Yata, ba zan ɓoye miki ba, mun sha wuya," in ji ta. "Ƙauyukan da muka zauna, in ba mu yi noma ba babu ci. Ruwa ya cika rafi, sai ka yi wata ba ka ga kowa naka ba." Ta ce kada in hana shi, kada kuma in tura shi. Ko Barnaba da Shawulu, sai da ikkilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora musu hannu kafin su kama hanya. In kiran na gaskiya ne, ba zai ji tsoron dattawa su bincika shi ba. Ta tambaye ni ko yana wata hidima yanzu da ba a biyansa. Na ce shi ke koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma duk fita wa'azi ta matasa da shi ake yi. Ta gyaɗa kai.

Sai ta cire tabaraun ta dube ni. "Ranar da kuka kai shi gaban ikkilisiya yana jariri kuka miƙa shi, aro kuka ba Allah ko kyauta?" Na rasa ta cewa. Ta kama hannuna ta yi addu'a irin ta Getsamani, cewa ba namu nufin ba, nasa za a yi. Na ce amin, amma muryata da ƙyar ta fito.

A hanyar dawowa na tsaya na sayi kuka da daddawa.

Babansu bai shigo ba sai bayan ƙarfe tara. Ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, sannan ya sa aka kira yaron. Ya ce ranar Juma'a duk gidan za mu yi azumi, ran Lahadi bayan sujada su biyu za su ga Baba Fasto da dattawa. Ya tambaye shi wa zai biya kuɗin makarantar ta Jos, yaron ya ce bai sani ba tukuna. Babansu ya ce to, wannan ma a sa a addu'a, don shi ba shi da shi.

Mutanen Abuja sun ba shi zuwa ƙarshen wata ya amsa. Babansu ya ce kada ya rubuta musu komai sai an ji ta bakin dattawa.